Likita ya ajiye hoton cikin Baba ya hau tambayarsa yadda yake sallah

Ɗan Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina shekararsa 67, ya daɗe yana sana'ar hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe. Bayan ƙaramar sallah aka tabbatar mana yana da kansar babban hanji, har ta kai hanta, mataki na 4 ke nan. Ranar Talata muka koma asibiti da hoton CT da muka sha wuya kafin muka haɗa kuɗinsa. Likita ya duba, ya ajiye a gefe, ya juyo wajen Baba: "Alhaji, a tsaye kake sallah ko a zaune? Da kanka kake wanka? Da rana awa nawa kake kwance? Malmala nawa kake ci?" Baba ya ce masallacin layinmu da ƙafarsa yake zuwa, Juma'a ce sai an ɗauke shi a mashin, buhu kuwa ya daina taɓawa. Sai na ga likita ya rubuta 1 a kati. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Shekara ɗaya yake nufi? Ko Hajiya ban gaya wa ba.

Nas daga Bauchi:
Wa'alaikumussalam ƙanina, kwantar da hankalinka, ba shekara ba ce. Ma'aunin ƙarfin jikin mara lafiya ne da ake kira ECOG, a 1982 aka wallafa shi. 0 shi ne mai harkokinsa kamar da. 1 yana yawonsa da ƙananan ayyuka, aikin ƙarfi ne kawai ya gagare shi. 2 yana kula da kansa amma ba ya iya sana'a. 3 fiye da rabin wuni yana kwance ko zaune, 4 kuma ba ya tashi sam. Hoto yana nuna inda ciwon ya kai, amma ba ya nuna ƙarfin da ya rage wa jiki. Mutum biyu za ka gani da ƙari iri ɗaya a hanta, mai zuwa masallaci da ƙafarsa galibi ya fi jure kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ya kuma fi daɗewa. Wanda ya kai 3 ko 4, kemo mai ƙarfi yakan fi cutar da shi, sai a karkata ga rage masa zafi. Likitoci za su haɗa da gwajin jini irin su CEA (sinadarin da kan ƙaru a jini idan akwai wannan kansar) da albumin (furotin da hanta ke samarwa). 1 ɗin nan abin godiya ne.

'Yar Kumo:
Yaya, Allah ya ba Baba lafiya. Ni na yi jinyar Innarmu da wannan ciwon, roƙona ɗaya: ku faɗi gaskiya a gaban likita. Inna duk abin da aka tambaye ta sai ta ce "Alhamdulillahi, da sauƙi", alhali ni ke riƙe mata buta, kokon safe ma cokali uku take sha ta ture. Kunya ta hana ni ƙaryata ta a gaban mutane, har yau abin yana cina. Ka samu littafi ka riƙa rubuta abin da ya ci da inda ya taka kullum.

Nas daga Bauchi:
Gaskiyarki ƙanwata. Shi ya sa akwai takarda mai tambaya 30, QLQ-C30, da mara lafiya ke amsawa da kansa: ɗaukar kaya mai nauyi, doguwar tafiya, gajiya, cin abinci, barci. Abin da ya faɗa game da ƙarfin jikinsa yana taimakawa sosai wajen hasashen yadda ciwon zai kasance.

Ɗan Pantami:
Na gode Anti, na gode ƙanwata, Allah ya jiƙan Inna. Yanzu na tuna tun makon jiya Baba a zaune yake yin isha'i, kuma bai faɗa wa likita ba. Na sa a littafin, ranar Talata zan nuna masa.