Wane karatu ake bukata kafin a zama malamin tattalin arziki a jami'a?

Mahaifin ɗaliba, Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aji uku a sashen nazarin tattalin arziki na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ta ce babban burinta shi ne ta koyar a jami'a. Ni fataken albasa ne sana'ata, ban yi boko mai zurfi ba, don haka nake roƙon masana su fayyace mini matakan da ke gabanta da abin da ya kamata ta fi ba ƙarfi tun yanzu.

Malamin jami'a mai ritaya, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya yi mata albarka. Digirin farko shekara 4 ne, amma darajarsa ce ke buɗe ƙofa, domin waɗanda suka fita da maki 4.50 cikin 5.00, ko aƙalla 3.50, su aka fi ɗauka a matakin farko na koyarwa bayan hidimar ƙasa. Daga nan sai digiri na biyu, sannan digirin digirgir, wanda ba ya kasa shekara 3, kuma idan babu shi da wuya ta kai babbar lakcara, balle farfesa. Idan ta samu aikin, asusun TETFund na gwamnati, mai tallafa wa manyan makarantu, yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai a cikin gida. Sai dai takarda kaɗai ba ta ƙara girma, sai da maƙalun bincike da aka wallafa.

Ɗalibar digiri na biyu, Arkilla:
Baba, ni abin da zan jaddada shi ne lissafi da ƙididdiga. Na ga abokan karatu masu fasahar bayani waɗanda suka yi cirko-cirko ranar da aka ɗora musu alkaluman hauhawar farashi a kwamfuta aka ce su fitar da ma'anarsu, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Ta koyi manhajojin ƙididdiga na kwamfuta irin su Stata ko EViews tun yanzu, ta saba da rahotannin Babban Bankin Najeriya da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuma idan kuna ajiye littafin ciniki, farashin buhun albasa daga kaka zuwa damina ya isa ta gina binciken kammala digirinta a kansa.

Mahaifin ɗaliba, Mabera:
Na gode, Malam, na gode, ɗiyata. Littattafan cinikin suna nan cikin akwati tun na shekarun baya, kuma da daren nan zan miƙa mata su.