"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne": ku raba ni da Baffa

Ɗan Feda:
Salamu alaikum. Mako uku ina cin wuya a kan keke, kullum bayan asuba, ran Asabar kuma daga Kano har Kwanar Dangora in juyo. Koci ya ce wannan makon in sassauta, kwana biyu ma kada in taɓa keken. Baffa ya shigo da hantsi ya same ni a miƙe kan tabarma, ya ce mai shirin tseren ke nan? Na ce Baffa, ai ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya ce "rago aka ce, ba raggo ba", ya sa kai ya fita. Tun shekaranjiya gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na yi amfani da maganar a muhallinta ko kuwa?

Na Gwale:
Wallahi Baffa ya gama da kai. Ka je ka ba shi haƙuri kawai.

Malam Sani Mai Faci:
Ni a ganina ba muhallinta ba ne. Rago in ya ja da baya idonsa na kan abokin karo, ba kwanciya yake yi ba. Taku uku ya dawo. Kai kuwa har da matashi. Kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Injiniya:
Malam Sani, ƙarfe ne wannan, cinya ba ƙarfe ba ce. Atisaye yayyaga tsoka yake yi, a barci da abinci take ɗinkewa ta fi da ƙarfi. Mako uku wuya, ɗaya sauƙi, tsari ne sananne. Ko a Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa da ake matakai 21, sai an ware ranakun hutu biyu. Ɗan Feda, riƙa ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi. In ya haura yadda ka saba kwana biyu a jere, jikin bai gama biyan bashi ba.

Malam Sani Mai Faci:
To ai a ranar hutun ma suna hawa keke awa ɗaya ko biyu don kada ƙafa ta sandare. Ka ga maganata ta fito.

Maman Ilham:
Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Kakanmu yana da Rali baƙa, da ita yake cin kasuwannin ƙauye, kwana bakwai kasuwa bakwai, ran Juma'a Wudil. Ya rame har wuyansa ya zama kamar na zalɓe, ga tari, ga faɗa da kowa a gida. Ta ce ya huta, ya ce mai nema yana tare da samu. Ta ce zafin nema ba ya kawo samu. Aka yi ta jifan juna da karin magana har wata guda. Rannan da daddare ta sace iskar tayoyin duka biyun, ta jefa famfon cikin tukunyar daddawa ta rufe. Gari ya waye, tsoho ya birkice gida, ita tana tankaɗe tana "ikon Allah, ko aljanu ne?" Mai faci kuma sai gari na gaba. Da ya gaji da bambami ya kishingiɗa a zaure, bai farka ba sai la'asar. Har ta rasu tana cewa ranar ce ta fara jin muryarsa ba faɗa.

Na Gwale:
Famfon fa?

Maman Ilham:
Ya shekara yana warin daddawa. Duk inda ya tsaya yin iska sai karnuka su zagaye shi. Amma ku ji ƙarshen: a ranar da ya yi barcin ne abokinsa ya sayo awaki da araha ya ci ribar da ya sake rufin ɗaki. Shi ma har ya rasu bai daina gorin awakin nan ba.

Malam Sani Mai Faci:
Kun ji ko! Hutu ya ci awaki.

Injiniya:
Ya kai shekara nawa a duniya?

Maman Ilham:
Ya haura tamanin.

Injiniya:
To.

Bazazzagi:
Ku bar batun keke. Akwai wani rago a mazaɓarmu, tun da aka rantsar da shi ya ja da baya, yau shekara uku. Muna nan muna jiran karon.

Na Gwale:
Zai zo, da atamfa da taliya.

Bazazzagi:
Namu ma da sauƙi. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 sai da Jamusawa suka ara wa 'yar tseren keken Najeriya, Ese Ukpeseraye, keken da ta yi tsere da shi. Waɗanda ya kamata su saya suna makon hutu.

Abu Hafsat:
A daina cin naman mutane. Ɗan Feda, da hadisi ka kawo wa Baffa da an wuce wurin: jikinka yana da haƙƙi a kanka. Amma babba ba a mayar masa da karin magana, ko da kai ne da gaskiya.

Hajiya Ta Maraɗi:
Mu a nan ba a hutu muke faɗinta ba. Sai an tsokani mutum ya yi shiru, a ce kada a ɗauka tsoro ne. Yaro, da wa kake faɗa? Da kwalta?

Ɗan Feda:
Hajiya, yanzu dai da Baffa.

Malam Sani Mai Faci:
Maman Ilham, Ralin tana nan? In da ƙarfenta ina so, irin su ba sa mutuwa.

Maman Ilham:
Tana rataye a rumbu, amma sai kawunnaina shida sun yarda.

Bazazzagi:
Shida? Gara ka jira karon ragonmu.