Me zan zuba a jaka, me zan bari, don hawa tsaunin Chappal Waddi?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina uku mun yi niyyar hawa tsaunin Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba cikin watan Janairu mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Shi ne tsauni mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, ni kuwa ban taɓa hawan abin da ya wuce dutsen Kufena ba. Mun ware kwana huɗu domin tafiyar ƙasa. Jiya na haɗa kayana a jakar goyo: bargo biyu, tufafi kala huɗu, shinkafa da taliya, risho da kalanzir, jarkar ruwa mai lita goma, da sabon takalmi sau-ciki da na saya a makon nan. Da na ɗora a sikeli sai na ga kilo 24, alhali nauyina kilo 65 ne. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su nuna mini abin da ya zama dole da abin da zan ajiye a gida.

Tsohon Gembu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru ina koyarwa a kan tsaunin Mambila, kuma na taka hanyoyin ƙafa na wannan yanki fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a jerin kayanka shi ne sabon takalmin nan. Na taɓa raka wani saurayi ƙaƙƙarfa wanda ya sa takalminsa ran da ya ciro shi daga kwali. Kafin azahar bororo ya fito masa a dunduniya, da la'asar ya fashe, da muka sauka za mu kwana kuwa sai da muka jiƙa safar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da fatar. Washegari juyawa ya yi, yana dogara sanda, bai ko hango kan tsaunin ba. Saboda haka tun daga gobe ka riƙa sa takalmin kullum, ka hau Kufena da shi da jakar a bayanka sau biyu a mako, har ya saba da ƙafarka. Ya kasance yana da ɗan sarari a gaba, ka kuma yanke farce, domin a gangara ne yatsu ke dukan bakin takalmi, kuma saukowa ta fi hawa cin ƙafa da gwiwa. Safa ka riƙe ƙafa uku masu kauri, ɗaya ka ɓoye ta cikin leda, kada ka taɓa ta sai lokacin barci.

Game da nauyi, masu wannan harka kan ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, wato kai kilo 13 ke nan. Jarkar nan kaɗai kilo goma ce, tun da kowace lita kilo guda ce. Ka ajiye ta, ka ɗauki gorar roba biyu masu lita ɗaya da rabi, ka riƙa cikawa a ƙoramun da ɗan jagora zai nuna maka. Tufafi kala biyu sun isa, na tafiya da na kwana. Risho da tukunya guda ɗaya za su wadaci ku huɗu, sai ku raba su a tsakaninku.

Sai dai kada rage kaya ya kai ka ga raina sanyi. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi, Zariya kuwa ba ta kai mita 700 ba, ka ga ke nan sanyin hunturun da ka sani somin-taɓi ne, ga iska a kan tudu babu abin da ke tare ta. Rigar sanyi mai kauri, hular sanyi mai rufe kunne, da rigar ruwa wadda za ta tare iska da raɓa, waɗannan ba a barin su. Maimakon bargo biyu, ka nemi bargon nan mai zif da ake shiga cikinsa, da siririyar katifar soso, domin ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikin mai barci.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma, amma ina neman izini in yi gyara a kan ruwan ƙorama. Makiyaya na kiwo a waɗannan tuddai, kuma ruwan da ya yi garau a ido yana iya ɗauke da abin da zai sa gudawa, wadda a wurin da babu asibiti ba ƙaramar masifa ba ce. Malam, ka tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana tafasa, idan kun haura mita 2,000 kuma ka bar shi minti uku, ko ka sayi ƙwayoyin tsabtace ruwa a kantin magani ka bi ƙa'idar da aka rubuta a jikinsu. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kanti kamar guda biyar. Idan sun ƙare, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin wannan ƙaramin cokalin na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta za su yi aikin.

A ƙaramar leda ka haɗa filasta, bandeji, farasitamol, man zafi, da maganin zazzaɓin cizon sauro wanda likita ya rubuta maka. Filastar nan ka manna ta da zarar ka ji wuri ya fara zafi, tun kafin bororo ya taso. Idan hanyarku za ta ratsa kwarin da ke wajen Serti, akwai tsando, kuma baƙin tufa da shuɗi suna jawo shi, don haka ka sa dogon wando da riga mai dogon hannu masu launin ƙasa. Kowane dare kuma ka duba ƙafafunka saboda kaska.

Shinkafa tana cin wuta da lokaci. Kilishi, dambun nama, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da garin rogo sun fi ta sauƙin ɗauka, ga shi ba sa lalacewa, taliyar kuma ku bar ta don abincin dare.

Ɗan Jalingo:
Yaya, akwai abubuwan da ba su da nauyi amma tafiya ba ta yiwuwa sai da su. Tsaunin yana cikin gandun daji na gwamnatin tarayya wanda hedikwatarsa ke Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi Bali ta haura Gembu, saboda haka ku fara tuntuɓar ofishin don izini da ɗan jagora, ku kuma tambaye su halin tsaro a makon da za ku tafi. Ka riƙe katin shaidarka, domin wurin yana bakin iyakar Kamaru. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji na 'yan acaɓa da 'yan dako, kada ka dogara da tura kuɗi ta waya. Ka sauke taswira a wayarka tun kana gari, ka kwana da wayar a cikin bargo saboda sanyi na cinye caji. Tocilar goshi ta fi ta hannu, ashana kuma a ɗaure ta a leda. Idan a cikinku akwai mai jin Fulatanci, ku sa shi gaba wajen gaisawa da mutanen rugage.

Bazazzagi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zazzage jakar na sake haɗawa, yanzu kilo 15 ce har da ruwa lita uku. A cikin wannan nauyin akwai tanti mai kilo uku da buta da dardumar salla. Baba, a ina zan rage sauran kilo biyun?

Tsohon Gembu:
Tantin na mutum biyu ne, don haka ka ba abokin kwananka ƙarafunan da turakun, kai ka riƙe ƙyallen. Gorar ruwanka za ta yi aikin buta, katifar soson kuma ka shimfiɗa ta ka yi salla a kai. Ka sake aunawa bayan haka, sannan ka hau Kufena da ita ranar Asabar ka faɗa mana inda ta fi danne ka, kafaɗa ko ƙugu.