Bidiyon bikin ƙanwata ya ƙi yi a ƙaramar laptop ɗina, a taimaka

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana kwamfuta ku agaza min. Ina da wata 'yar laptop irin mini ɗin nan mai inci 10, yayana ya bar min ita, Windows 7 Starter ce a kai, RAM 1GB. Finafinan da nake karɓowa wurin masu turi duk suna yi lafiya lau, amma bidiyon bikin ƙanwata da mai kyamara ya ba mu a filashi ya ƙi sam. Windows Media Player ko buɗe shi bai yi ba, na sa VLC sai kiɗa ke tafiya hoton ya tsaya cak kan fuskar amarya, can sai ya yi tsalle ka ga har an kai wurin liƙi. Inna ta matsa sai ta gani kuma idonta bai iya kallon waya. Mi ya kamata in yi?

Injiniya Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam kafin komai buɗe shi a VLC ka danna Ctrl da J, za ta nuna maka irin bidiyon. Ina kyautata zaton za ka ga HEVC, wato H.265 (wata hanyar matse bidiyo ce), kuma 1080p, wato hoto mai girma sosai. In haka ne to ba VLC ke da laifi ba, irin waɗannan mini ɗin ƙwaƙwalwar (processor) da ake kira Atom ce a cikinsu, kamar N270 ko N450, an yi su wajen 2008 zuwa 2010, shi kuma H.265 sai 2013 ya fito, matse bidiyo yake sosai sai ya zama warware shi aiki ne mai nauyi, kamar ka ɗora wa jaki kayan tirela ne. Finafinan masu turi ƙanana ne shi ya sa suke yi maka. Ka kai filashin wurin mai babbar kwamfuta ya juya maka shi da manhajar HandBrake ko Format Factory zuwa MP4, H.264 (tsohuwar hanyar matsewa mara nauyi), 480p. Kar ka ce za ka juya a taka, sai ta kwana tana yi, sabon HandBrake ma bai hawa Windows 7. Kuma ba ka yi asarar komai ba don sikirin ɗinka 1024 da 600 ne, 1080p ɗin ma ba inda zai zauna.

Bakatsine a Sakkwato:
Ka sa K-Lite Codec Pack kawai, ni shi ya gyara min tawa.

Injiniya Arkilla:
K-Lite zai sa fayil ɗin ya buɗe, amma ba zai ƙara wa kwamfutar ƙarfi ba ɗan'uwa. Ai shi nashi ya riga ya buɗe, tafiya ce ta gagara.

Hajiyar Runjin Sambo:
Ni dai abin da na lura da tawa, in ba wuta tana kan batir sai ta rage gudu da kanta, to ka jona caja ka cire ta daga Power saver. Sannan wanga zafi namu na Sakkwato kar ka aza ta bisa katifa ko filo, ɗora ta kan faranti ko tebur iska ya samu shiga. Kuma kwafe bidiyon cikin kwamfutar, kar ka kunna daga filashi.

Ɗan Mabera:
Injiniya Allah shi saka da alheri, na duba HEVC ɗin ne kuwa. Jiya da la'asar na kai wa wani abokina da ke karatu a Danfodiyo ya juya min, fayil ɗin ya koma ƙarami sosai. Bayan isha'i munka kunna a tsakar gida na aza ta kan tire kamar yadda Hajiya ta ce, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Matsalar yanzu murya, sifikar ba ta da ƙarfi, Inna sai da ta kara kunne. Akwai dabara ko sai na sayi 'yar sifika?