Man zaitun na naira 5,000: a kama sunansa ko a rufa masa asiri?

Istifanus: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Abin nan ya hana ni barci. Baƙon mai wa'azin da aka gayyato taron falkaswa ya ɗaga 'yar kwalbar man zaitun kamar ta turare, ya ce duk wanda ya ba da naira 5,000 ya shafa, ciwonsa ya ƙare, shan magani bayan haka kuma rashin bangaskiya ne. Innata mai sayar da tumatir a Farin Gada ta taɓa jarinta ta saya, ta tura maganin hawan jininta ƙarƙashin katifa. Mako biyu ke nan. Shekaranjiya da dare muka ɗauke ta a keke zuwa asibiti, baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Ina roƙo ran Lahadi dattawa su tsaya gaban ikilisiya su ce wannan koyarwar ƙarya ce, su kama sunansa.

Maman Rahila: Wayyo, Allah ya ba ta lafiya. Amma ɗana, ka yi hattara da bakinka. Zabura 105:15 ta hana a taɓa shafaffu na Allah. Ni ma na saya, kuma gwiwata ta yi sauƙi. A Afisa ba ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus aka riƙa kai wa marasa lafiya suna warkewa ba?

Malam Dauda: Mama, mun gode wa Allah da gwiwarki. Sai dai ki duba Ayyukan Manzanni 19 ɗin, ko kwabo Bulus bai karɓa ba. Wanda ya kawo zancen kuɗi shi ne Siman mai sihiri a sura 8, Bitrus kuwa ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Gehazi baran annabi Elisha ya bi Na'aman, wanda aka warkar kyauta, a guje don azurfa da tufafi, kuturta ya kwaso. Man da Yakubu 5:14 ya ambata dattawan ikilisiya ne ke shafawa da addu'a, ba a sa masa farashi ba. Zaburar nan kuma zancen Ibrahim da zuriyarsa take, lokacin da suke baƙi a ƙasar mutane, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba ta hana a auna wa'azi ba. Mutanen Biriya Bulus kansa suka auna da Nassi kowace rana, aka yabe su.

Baba Dattijo: Na ji ku duka. Istifanus, ciwon innarka namu ne. Amma mu muka gayyato mutumin nan, muka shimfiɗa masa tabarma. Matiyu 18 ya ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu. Tsorona kuma, in aka buɗe wannan ƙofa, gobe duk wanda wa'azi bai yi masa daɗi ba zai ce malamin ƙarya ne. A Jos ɗin nan 'yan ECWA na nitsar da manya a ruwa, Angilikan na yi wa jarirai baftisma, ba mu taɓa ce wa juna arna ba. Afolos ma da saura a saninsa, Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka gyara masa, ya zama babban ma'aikaci.

Malam Dauda: Ranka ya daɗe Baba, Afolos ƙarancin sani ne da shi, kuma ya karɓi gyara. Wannan ya mai da alherin Almasihu haja. Matiyu 18 kuma laifin da ke tsakanin mutum biyu ne. Abin da aka koyar da lasifika a gaban jama'a, in an gyara shi a ofishin fasto, wa zai gaya wa tsohuwar da ke kujerar baya ta koma shan maganinta? Bulus ya tsawata wa Bitrus a Antakiya a idon kowa. Ya kama sunan Himinayas da Filitas, masu koyarwar ƙarya, a wasiƙarsa ga Timoti. Ariyus da ya ce Yesu Ɗan Allah halitta ne, ba bare ba ne, firist ne a Iskandariya, sai da aka taru a Nisiya a shekarar 325 aka ƙi koyarwarsa a fili.

Mama Shugabar Zumunta: Ku bar ni in faɗi wadda ba a so. Ina wurin a daren taron, a layi na biyu. Dattawa na zaune a gaba, na ga wani ya sunkuyar da kai, amma ba wanda ya tashi. Ni ma ban tashi ba, kuma abin na damuna har yanzu. Mata sun fi kowa yawa a layin sayen man nan, 'yan zumuntata, wasu da kuɗin makarantar yara a bakin zane. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga makarantun tauhidi, TCNN a Bukuru da JETS a cikin gari, amma nazarin Littafi na ran Laraba bencinmu biyu ba ya cika. Wa ya binciki baƙon nan kafin a ba shi mumbari? Wace ikilisiya ce ta aiko shi?

Baba Dattijo: Ba wanda ya bincika, Mama. An ce yana tara jama'a, muka yarda. Laifinmu ne mu dattawa. Zan kira shi yau da kaina. Ran Alhamis da yamma za mu zauna da fasto, ran Lahadi kuma za a yi wa ikilisiya magana a kan man da magani, ko ya amsa ko bai amsa ba. Batun suna, sai mun ji ta bakinsa.

Istifanus: Baba, ban gamsu da jiran ba, don an ce wata mai zuwa yana da taro a Bukuru. Amma zan kawo kwalbar ran Alhamis.

Maman Rahila: Ni dai har yanzu kama sunan bawan Allah na yi mini nauyi. Istifanus, wane ɗaki aka kwantar da ita? Zan dama kunun gyaɗa in kawo da yamma, in an bar ta ta sha.