Hayaƙin girki ko tarin TB: wanne masu bincike za su sa a gaba?

Sulley: Salamu alaikum jama'a. Jiya a rediyo naji ana maganar cututtukan huhu da ya kamata a fi zuba kuɗin bincike a kansu. Ni dai nace TB ya ci rabonshi, maganinshi ma kyauta ne a Ghana, a koma kan hayaƙi kawai. Hukumar lafiya ta duniya, WHO, tace hayaƙin girki cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara a duniya, TB kuwa miliyan 1.25 a 2023. Ku lissafa da kanku.

Hajiya Memuna: Allah yi maka albarka ɗana. Shekara 22 ina dafa wakye a unguwar Aboabo a Kumasi, tun ukun dare nake hura itace, da asuba in na tofar da kaki baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma har yau ba wanda ya taɓa zuwa yace Hajiya bari mu auna ƙirjinki.

Nas Rukayya: Yaya Sulley kyauta ne ga wanda aka gano fa. Binciken da akayi a ƙasar nan a 2013 ya nuna masu TB sun kai kusan ninki huɗu na abin da ake zato, ba don an fita an duba ba da har yanzu muna cewa mun ci ƙarfinshi. Kai ka san zango, ɗaki ɗaya mutum bakwai, taga ɗaya itama an toshe da kwali saboda sauro, mutum yayi wata uku yana tari yana shan citta da zuma wai sanyi ne, don kunyar a ganshi a layin masu tari a Gee, babban asibitin Kumasi. Kafin ya zo ya riga ya raba wa yara.

Kawu Idi: To mu na Suame Magazine, unguwar makanikai, fa? Yaran fenti da walda tsumma suke ɗaurawa a hanci. Ba gawayi ba TB, mu muna lissafin wa?

Sulley: Kawu ai naka ma hayaƙi ne, kana ɓangarena 😂 Na mata kuwa a raba musu gas, magana ta ƙare.

Nas Rukayya: Bata ƙare ba. A garin Kintampo an gwada, an ba mata masu ciki murhun gas aka bi jariransu, hayaƙin da suke shaƙa ya ragu amma nimoniya bata ragu yadda aka sa rai ba. Kin daina hura wuta maƙwabciya bata daina ba.

Sulley: Yawwa! Kin kawo kanki ƙanwata. TB an san ƙwayar, akwai injin gwaji, akwai magani na wata shida. Hayaƙi ne ba'a san bakin zaren ba, to ina ya fi buƙatar bincike?

Nas Rukayya: Wannan kam ka kama ni rabi. Rabi nace.

Maman Fauziya: Ku yi haƙuri in sa baki. Hunturun bara Fauziya asma ta tashi mata ƙarfe ɗayan dare, inhela ta ƙare, ƙirjinta na kuka kamar usur, muka je wani ƙaramin asibiti akace ba oksijin, sai da muka nemi taksi zuwa wani. Ni ba sabon magani nake nema ba, a bincika me yasa wanda ke akwai baya isowa. Kuma masu zaɓen abin da za'a bincika ɗin nan wa suke tambaya ne, likitoci kawai?

Hajiya Memuna: Sun tambaye ni da na faɗa musu tukunyata silindan gas ɗaya ba zai kai ta kwana uku ba. Sulley kai zaka dinga cika min?

Sulley: Hajiya netwok ɗina ba kyau.

Hajiya Memuna: Ɗan banza. Rukayya gwajin kakin nan ranar yaushe kuke yi, sai na biya?