Abin da masu haɗa kwamfuta suka ce kan jita-jitar sabon SSD

Ana ta raɗe-raɗin wani sabon SSD (ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta) na PCIe 5.0 (hanyar da SSD ke haɗuwa da allon kwamfuta) da zai fito, sai muka zauna da masu haɗa kwamfuta muka ji ta bakinsu.

Kusan kowa ya ce kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Gaskiya ne PCIe 5.0 na kai megabait 14,000 a daƙiƙa, ninkin PCIe 4.0 mai kusan 7,000, amma wannan saurin kwafe babban fayil ne. Buɗe Windows ko wasa ya dogara ne da karanta ƙananan fayiloli a warwatse, kuma a nan bambancin kaɗan ne. Wani dattijo a cikinsu ya ce ko da SSD na SATA, tsohuwar hanyar haɗi mai megabait 550 a daƙiƙa, da ƙyar yake gane bambanci, ko da yake ni ina ganin ya ɗan yi ƙari.

An daɗe kan zafi. Irin waɗannan SSD suna ɗaukar zafi sosai, in ba a sa musu ƙarfen sanyaya ba sai su rage gudu da kansu. Sun kuma ce a duba ko TLC ne ko QLC (nau'o'in ƙwayar ajiyar da ke cikin SSD), a duba adadin TBW (yawan terabait da za a iya rubutawa a kansa a tsawon rayuwarsa). Wanda allon kwamfutarsa ba shi da ramin M.2 (inda ake soka SSD) na PCIe 5.0 kuwa, zai biya kuɗin sabo ya samu gudun tsoho.